Manhajar tayar da kwamfuta: Dalilin da ya sa ake sauya ta da abin da sauyin ya shafa

Tsakanin danna maɓallin kunna kwamfuta da bayyanar tambarin Windows bai fi 'yan daƙiƙoƙi ba, kuma ba kowa ke lura da su ba. Amma a cikin ɗan taƙin nan ne manhajoji uku ke miƙa wa juna ragama, ɗaya bayan ɗaya. Idan miƙawar ta tafi daidai, kwamfuta ta tashi. Idan aka samu saɓani, sai baƙin allo da wasu 'yan kalmomin Turanci masu cewa ba a ga abin da za a tashi da shi ba, alhali duk takardun ofis da lissafin shago suna nan lafiya lau a cikin faifan ajiya, hanyar kaiwa gare su ce kawai ta toshe.

Ta farko a cikin ukun ita ce dasasshiyar manhaja, wadda kamfanin da ya ƙera kwamfutar ya dasa a cikin wata 'yar ƙwayar lantarki da ke manne da babban allon cikinta. Ba a faifan ajiya take ba, don haka ko an goge faifan ƙarƙaf tana nan. Ta ƙarshe ita ce babbar manhaja, wato Windows ko Linux ko macOS, wadda mai kwamfuta ke mu'amala da ita kullum. A tsakaninsu akwai wata 'yar ƙarama, manhajar tayarwa, wadda masu gyara ke kira da sunanta na Turanci, bootloader. Aikinta guda ne: ta nemo zuciyar babbar manhaja a cikin faifai, ta loda ta a ma'adanar aiki, ta miƙa mata ragama, sannan ta janye jiki.

Tunda ita ce a tsakiya, dole ta iya harshen ɓangarorin biyu. Shi ya sa duk lokacin da dasasshiyar manhaja ta sauya fasali, sai kamfanonin babbar manhaja su sabunta manhajar tayarwarsu, wani lokaci ma su jefar da tsohuwar su ɗauko wata dabam. An yi irin wannan sauyi babba sau ɗaya, lokacin da aka ƙaura daga BIOS zuwa UEFI. Akwai kuma na biyu wanda ya faɗo a shekarar 2026, da ya shafi takardun shaidar tsaro da ke cikin kusan duk kwamfutar da aka ƙera tun daga 2012.

Zamanin BIOS

Sunan BIOS ya fito ne daga wajen Gary Kildall, Ba'amurken da ya yi amfani da shi a 1975 a cikin manhajarsa ta CP/M. Amma wanda duniya ta sani shi ne na kwamfutar da IBM ya fitar a watan Agusta 1981, wanda sauran kamfanoni suka kwaikwaya har ya zama ƙa'ida. Tsarinsa mai sauƙi ne ƙwarai. Idan an kunna wuta, BIOS zai duba ko ma'adanar aiki da madannai da allo suna nan, sannan ya je farkon faifan ajiya ya ɗebo bayit 512 na farko, ya gudanar da duk abin da ya tarar a ciki ba tare da tambaya ba.

Wannan ɗan gurbi shi ake kira MBR, kuma ya shigo ne a 1983, lokacin da faifan ajiyar kwamfutar IBM bai wuce megabayit 10 ba. An kasa shi uku: bayit 446 na umarnin tayarwa, bayit 64 na jadawalin da ke nuna yadda aka yanka faifan, sai bayit biyu na ƙarshe da ke zama alamar cewa ana iya tashi daga wannan faifai. Bayit 446 bai kai harufan sakin layin nan da mai karatu yake ciki ba. Babu manhajar kirki da za ta shiga irin wannan wuri, don haka masu tsara manhajar tayarwa suka koma dabara: a sa ɗan guntu a gurbin farko, shi kuma ya janyo wani guntu mafi girma da aka ɓoye a wani wuri, wannan kuma ya janyo sauran.

Tsarin ya yi aiki kusan shekara talatin, amma iyakokinsa sun yi ta bayyana. Jadawalin MBR yankuna huɗu kawai yake ɗauka na asali. Lissafinsa kuma ba ya wuce kimanin terabayit biyu, ta yadda idan aka sa faifai mai terabayit huɗu aka tsara shi da MBR, kusan rabinsa zai zauna a banza. Akwai kuma matsalar zaman tare. Gurbin farko guda ɗaya ne, saboda haka wanda ya sa Windows bayan Linux a kwamfuta guda zai tarar Windows ya share manhajar tayarwar Linux ya ɗora tasa.

Mafi muni shi ne rashin tambayar nan. Tunda BIOS ba ya bincikar abin da ya tarar, duk wanda ya iya rubuta wani abu a gurbin farko ya mallake kwamfutar tun kafin manhajar kariya ta farka. Ƙwayar cutar Brain, wadda ta fito daga birnin Lahore na Pakistan a 1986, ta wannan ƙofa ta riƙa bin faifan filofi. Shekara talatin bayan haka, a 2016, manhajar 'yan garkuwa da bayanai mai suna Petya ta bi ƙofar: ta rubuta kanta a kan MBR, ta hana Windows tashi, ta nemi kuɗin fansa.

Zuwan UEFI

Intel ne ya fara neman mafita a ƙarshen shekarun 1990, domin manyan kwamfutocinsa na Itanium da BIOS ba zai iya ɗauka ba. Ya kira sabon tsarin EFI. A 2005 ya miƙa ragamarsa ga wata ƙungiyar kamfanoni, wadda ta haɗa da Microsoft da AMD da Dell da HP, aka ƙara masa harafi ya zama UEFI. Apple ya fara amfani da shi a 2006 lokacin da ya koma ƙwaƙwalwar Intel. Sauran kamfanoni sun yi ta jan ƙafa har zuwa fitowar Windows 8 a 2012.

Bambancin ba na ado ba ne, ko da yake abin da mutane suka fi lura da shi shi ne shafin saiti mai launi wanda linzami ke aiki a kansa. UEFI yana iya karanta fayil. Maimakon ya ɗebo bayit 512 ido rufe, sai ya je wani keɓaɓɓen yanki a faifan ajiya, wanda a Windows yawanci megabayit 100 ne ko sama da haka kaɗan, ya buɗe babban fayil ɗin da aka nuna masa, ya gudanar da manhajar tayarwar da ke ciki. Kowace babbar manhaja tana da nata ɗakin a wannan yanki: Microsoft da nasa, Ubuntu da nasa, Fedora da nasa. Jerin waɗanda za a iya tashi da su, da wanda zai zo farko, ana ajiye shi ne a cikin ƙwayar lantarkin da ke babban allo, ba a faifai ba. Wannan ne ya sa wani lokaci idan aka cire faifai daga wata kwamfuta aka sa a wata, ko aka mayar da saitin dasasshiyar manhaja na asali, sai kwamfutar ta ce ba ta ga komai ba, alhali fayil ɗin yana nan, sunansa ne ya ɓace daga jeri.

Tare da UEFI aka zo da sabon jadawalin yanka faifai, GPT. Windows yana yarda da yankuna har 128 a kansa, iyakar terabayit biyu ta kau, kuma ana ajiye kwafin jadawalin a ƙarshen faifai domin a iya farfaɗo da shi idan na farkon ya lalace.

Don kada tsofaffin manhajoji su mutu rana ɗaya, an bar wani sashe a cikin UEFI mai kwaikwayon BIOS, wanda a shafin saiti ake rubuta shi CSM ko Legacy. Da shi ne aka ci gaba da sa Windows 7 a sababbin kwamfutoci shekara da shekaru. A 2017 Intel ya ba da sanarwar cewa daga 2020 zai daina tallafa wa wannan sashe, kuma yawancin sababbin laftof na yanzu ba su da shi kwata-kwata. Filashin da aka tsara ta tsohuwar hanya, idan aka soka shi a irin waɗannan, ko ganinsa ba za su yi ba.

Yadda manhajojin tayarwa suka bi sauyin

A ɓangaren Microsoft abin ya zo da sauƙi, domin kamfani ɗaya ne ke yanke hukunci. Har zuwa Windows XP, NTLDR ce ke tayar da Windows, kuma saitinta yana cikin ɗan fayil na rubutu da kowa zai iya buɗewa ya gyara. Daga Windows Vista aka maye gurbinta da Windows Boot Manager, wadda ke da fuska biyu, ɗaya ta BIOS ɗaya ta UEFI.

Linux ya fi shan wahala, kuma labarinsa ya fi nuna abin da sauyin ya ƙunsa. A shekarun 1990 manhajar da aka fi amfani da ita ita ce LILO, wadda Werner Almesberger ya fara a 1992. LILO ba ta iya karanta fayil ba. Lambobin wuraren da zuciyar Linux take a faifai kawai take haddacewa. Wanda ya sabunta zuciyar ya manta bai sake gudanar da umarnin LILO ba, to kashegari kwamfutarsa ba za ta tashi ba. GRUB, wadda Erich Boleyn ya fara a 1995 kuma ƙungiyar GNU ta karɓa a 1999, ta magance wannan domin tana karanta faifai da kanta. Da UEFI ya matso, sai aka sake rubuta ta tun daga tushe. Ubuntu ya koma sabuwar, GRUB 2, a fitowarsa ta Oktoba 2009, tun kafin a kammala ta a hukumance a 2012. An daina aiki a kan LILO a ƙarshen 2015.

GRUB 2 ta yi girma har ta zama kamar wata ƙaramar babbar manhaja: tana karanta nau'o'in tsarin fayil da dama, tana buɗe faifai mai kulle, tana nuna hoto da haruffa iri-iri. Wasu na ganin wannan girma shi ne aibinta, domin duk ƙarin layi ƙarin wurin kuskure ne. Daga nan ne systemd-boot ta samu kasuwa. Ita 'yar ƙarama ce, ba ta san BIOS ba sam, kuma ta bar wa UEFI duk aikin karanta faifai. Pop!_OS na cikin masu amfani da ita a kwamfutocin UEFI. Duk da haka barin tsohon tsari bai zama abu mai sauƙi ba. A 2022 an kawo shawarar Fedora ya fara janye tallafin BIOS, amma ƙorafin masu tsofaffin na'urori da masu hayar kwamfutocin intanet ya yi yawa, shawarar ba ta wuce ba.

Wani abin da ya faru a watan Agusta na wannan shekara ta 2022 ya nuna inda haɗarin sabuntawa yake. Masu amfani da Arch Linux da danginsa sun karɓi sabuwar GRUB, fayil ɗin saitinta ya sabunta, amma ainihin manhajar da ke yankin UEFI ta tsaya a tsohuwar. Sabon saiti ya ba tsohuwar manhaja umarnin da ba ta fahimta daidai ba, sai kwamfutoci suka riƙa komawa shafin saitin dasasshiyar manhaja duk lokacin da aka kunna su. Manhajar tayarwa gunduwa-gunduwa take a wurare dabam-dabam, kuma sabunta wata gunduwa a bar wata ya fi barin su duka a yadda suke haɗari.

Hatimin tsaro da wanda ke riƙe da shi

A 2011 aka ƙara wa UEFI wani sashe mai suna Secure Boot, wanda shi ne amsar matsalar rashin tambaya. A ƙarƙashinsa, dasasshiyar manhaja ba za ta gudanar da kowace manhajar tayarwa ba sai ta ga hatimin lantarki na wanda ta amince da shi. Abubuwa huɗu take ajiyewa don wannan aiki. Akwai babban mabuɗi na kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Akwai mabuɗan da ke da izinin gyara jerin sunaye. Sai jeri biyu: na waɗanda aka amince da su, da na waɗanda aka soke. Duk manhajar da sunanta ya shiga jeri na biyu ba za ta tashi ba ko da hatiminta na gaskiya ne.

Microsoft ya gindaya sharaɗin cewa duk kwamfutar da za ta ɗauki tambarin Windows 8 sai ta zo da Secure Boot a kunne. Sakamakon haka takardun shaidar Microsoft suka shiga kusan kowace kwamfuta, kamfanin ya zama shi ne mai hatimi a aikace, ko da ba a rubuta haka a ƙa'idar UEFI ba. Masu rajin manhaja mai 'yanci sun tayar da jijiyar wuya, kuma suna da hujja: kamfanin da ke gasa da Linux shi ne zai ce ko Linux zai tashi. Ga shi kuma Microsoft ba ya buga hatiminsa a kan manhajar da ke ƙarƙashin lasisin da GRUB 2 take kai.

Mafitar da Matthew Garrett ya samar a 2012 ita ce wata 'yar manhaja mai suna shim, wadda aikinta aikin dillali ne. Microsoft ya buga mata hatimi, don haka dasasshiyar manhaja ta yarda da ita. Ita kuma tana ɗauke da mabuɗin Ubuntu ko Fedora ko Debian, da shi take tantance GRUB, GRUB kuma ta tantance zuciyar Linux. Da wannan sarƙa ce yawancin manyan nau'o'in Linux ke tashi yau ba tare da an kashe Secure Boot ba.

Sarƙa kuwa ƙarfinta a zobenta mafi rauni yake. A watan Yuli 2020 kamfanin tsaro na Eclypsium ya bayyana wata ɓaraka a GRUB 2 da aka raɗa wa suna BootHole, wadda ta bai wa mai kutse damar kewaye Secure Boot ta hanyar gurɓata fayil ɗin saiti. Abin ya shafi har kwamfutocin da ba su taɓa ganin Linux ba, domin ɓarawo zai iya zuwa da tasa tsohuwar GRUB mai hatimi na gaskiya. Gyaran farko da Red Hat ya fitar ya zama gyaran gangar auzinawa, domin ya hana wasu kwamfutoci tashi, sai da aka sake fitar da wani. Sannan aka fuskanci wata matsalar: jerin waɗanda aka soke yana zaune ne a ƙwayar lantarki mai ɗan ƙaramin wuri, ba zai ɗauki sunan kowace tsohuwar manhaja ɗaya bayan ɗaya ba. Don haka aka ƙirƙiro SBAT a 2021, inda kowace manhajar tayarwa ke ɗauke da lambar zamaninta, sai a ce daga yau duk wadda ke ƙasa da lamba kaza an soke ta.

Wannan tsari ne ya jawo rikicin watan Agusta 2024. Microsoft ya tura sabuntawar SBAT ta cikin Windows, ya ce ba za ta taɓa kwamfutocin da ke ɗauke da Windows da Linux tare ba. Amma ta taɓa da yawa. Mutane suka wayi gari Linux ɗinsu ya ƙi tashi, yana nuna saƙon cewa an keta ƙa'idar tsaro, domin shim ɗin da ke kwamfutocinsu ta tsufa. Cikakken gyara bai fito ba sai a watan Mayu 2025. Laifin a nan ya rabu biyu: Microsoft ya yi alkawarin da bai cika ba, wasu nau'o'in Linux kuma sun bar masu amfani da su a kan manhajar da aka daɗe da sanin tana da ɓaraka.

Ita ma manhajar tayarwar Windows ba ta tsira ba. A watan Maris 2023 kamfanin ESET ya yi bayanin wata muguwar manhaja mai suna BlackLotus, wadda a lokacin ake sayarwa a dandalin masu kutse a kan dala 5,000. Tana iya kama Windows 11 da aka sabunta tsaf, Secure Boot a kunne. Dabararta ita ce ta zo da tsohuwar manhajar tayarwar Windows mai ɓaraka, wadda Microsoft ya riga ya gyara amma bai soke ba. Dalilin rashin sokewar shi ne duk filashin sa Windows da faifan farfaɗowa da ke hannun jama'a suna ɗauke da tsohuwar, soke ta zai kashe su gaba ɗaya. Tun daga watan Mayu 2023 kamfanin ke bin abin sannu a hankali, mataki-mataki.

Takardun shaidar 2011

Takardar shaidar lantarki tana da wa'adi kamar fasfo. Waɗanda Microsoft ya bayar a 2011 na shekara goma sha biyar ne. Biyu daga ciki, wato wadda ke ba da izinin gyara jerin sunaye da wadda ake buga wa shim da sauran manhajojin waje hatimi da ita, wa'adinsu yana cika ne a watan Yuni 2026. Ta uku, wadda ke kan manhajar tayarwar Windows kanta, a watan Oktoba 2026. An fitar da magadansu tun 2023, kuma sababbin kwamfutoci da yawa suna zuwa da su daga masana'anta.

Ya kamata a fahimci abin da cikar wa'adin yake nufi, domin ana iya zuzuta shi. Kwamfutar da ba ta karɓi sababbin takardun ba ba za ta mutu a ranar ba. Za ta ci gaba da tashi da manhajar da take da ita. Abin da za ta rasa shi ne gaba. Sabuwar manhajar tayarwa mai hatimin 2023 baƙuwa ce a wurinta, kuma ba za a iya ƙara mata sunayen miyagun manhajoji a jerin waɗanda aka soke ba. Wato ƙofa tana nan da kwaɗonta, amma ba za a sake canza kwaɗon ba ko da an tabbatar ɓarayi sun yi masa mabuɗi. Nan gaba kuma sabon filashin Windows ko na Linux mai sabon hatimi kaɗai yana iya ƙin tashi a kanta sai an kashe Secure Boot.

Jerin matakan yana da muhimmanci. Sai sabuwar takarda ta shiga jerin amintattu tukuna, sannan a sauya manhajar tayarwa da mai sabon hatimi, sannan a ƙarshe a soke tsohuwar. Idan aka juya jerin, kwamfuta ta tsaya. Ga yawancin masu Windows 11 wannan yana zuwa ta sabuntawar wata-wata ba tare da sun yi komai ba. Amma wasu kwamfutocin sai kamfanin da ya ƙera su ya fitar da sabuwar dasasshiyar manhaja tukuna, kuma kamfanoni ba su cika waiwayar na'urar da ta haura shekara goma ba.

Inda abin ya shafe mu

A nan ne zancen ya iso kasuwanninmu. Kwamfutocin da ake saye a Farm Centre ta Kano da Banex ta Abuja da Computer Village ta Ikeja, kaso mai yawa na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka sallama. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi, wanda shi ma na ɗaiɗaikun mutane zuwa Oktoba 2026 ne. Windows 11 kuwa ya shardanta UEFI da ikon Secure Boot da ƙwayar tsaro ta TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel ba ya karɓar ƙwaƙwalwar da ta gaza zubi na takwas, in ban da 'yan kaɗan. Na'urorin da suka faɗi wannan jarrabawa ba ɓacewa suke yi ba, kasuwar 'yan hannu suke gangarowa. Mai saye ya tambayi zubin ƙwaƙwalwar kafin ya tambayi girman faifai.

Akwai kuma al'adar wasu masu gyara da ta cancanci a yi magana a kanta. Idan filashin mai gyara ya ƙi tashi, hanya mafi sauri ita ce ya shiga saiti ya kashe Secure Boot, ya kunna Legacy, ya sa Windows a kan MBR, ya karɓi kuɗinsa. Kwamfuta ta tashi, mai ita ya yi murna. Amma an mayar da na'urar 2018 zuwa tsarin 1983, kuma ranar da aka so hawa Windows 11 za ta ce ba ta cancanta ba, alhali ta cancanta. Ga ma'aikacin da ke ajiye bayanan albashi ko ɗan kasuwar da ke shiga asusun banki da ita, wannan rangwame ne mai tsada.

Sanin halin da kwamfuta take ciki ba ya buƙatar mai gyara. A Windows, a danna maɓallin tambarin Windows tare da harafin R, a rubuta msinfo32. A shafin da zai buɗe akwai layin BIOS Mode, wanda zai nuna UEFI ko Legacy, da layin Secure Boot State, wanda zai nuna a kunne yake ko a kashe. A Linux, umarnin mokutil --sb-state yana ba da amsa ta biyun.

Wanda ya tarar tasa a Legacy take, ba lallai sai an goge faifai ba. Tun 2017 Windows 10 yana ɗauke da wani kayan aiki mai suna mbr2gpt, wanda ke juya faifan daga MBR zuwa GPT, ya ƙirƙiri yankin UEFI, ya sa manhajar tayarwar da ta dace, ba tare da taɓa fayilolin mutum ba. Yana da sharuɗɗa: kada yankunan asali su wuce uku, kuma a fara gudanar da shi da umarnin tantancewa kafin na juyawa. Ba ya da hanyar komawa baya. Da zarar ya gama, dole a shiga saiti a mayar da kwamfutar UEFI, in ba haka ba ba za ta tashi ba. A nan ne mutane da yawa ke firgita su ɗauka komai ya tafi. Kuma kafin a fara, a tabbatar kwamfutar tana da UEFI ɗin tun asali, a kwafe muhimman fayiloli zuwa wani wuri.

Sabunta dasasshiyar manhaja kanta ya fi wannan haɗari, musamman a inda wuta ba ta da tabbas. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu a kan ƙwayar, kwamfutar tana iya zama gawa, sai an kai ta wurin mai na'urar sake rubuta ƙwayar ko a canza babban allo. Laftof a cika batirinta a bar ta a jone. Ta tebur kuwa kada a fara sai da na'urar riƙe wuta. Fayil ɗin kuma a ɗauko shi daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, da ainihin lambar samfurinta, domin samfura biyu masu kama da juna a ido suna iya bambanta a ciki.

Sai batun BitLocker, kullen da Windows ke yi wa faifai, wanda a sababbin kwamfutoci yakan kunna kansa ba tare da mai ita ya lura ba. Ƙwayar TPM tana auna dasasshiyar manhaja da manhajar tayarwa duk lokacin tashi, kuma idan ta ga sun sauya ba da saninta ba sai ta riƙe mabuɗin, allo ya nemi lambar farfaɗowa mai alƙaluma 48. Lambar tana cikin asusun Microsoft na wanda ya fara shiga kwamfutar, ko a wurin sashen kwamfuta na ma'aikata idan ta ofis ce. Idan kuwa mai shago ne ya shiga da asusunsa ranar da ya saita ta, to a wurinsa take. A nemo lambar nan a rubuta ta a takarda, a kuma dakatar da BitLocker daga cikin saitin Windows, kafin a taɓa Secure Boot ko a sabunta dasasshiyar manhaja.